Gonar gado a ƙarshen layi: wa ke da iko da ruwan Kadawa?

Malamin Kawo:

Assalamu alaikum. Ina neman wanda ya san ƙasar Kura da Garun Malam da Bunkure ciki da bai ya fahimtar da ni wani abu.

Mahaifinmu ya rasu bara, bayan Babbar Salla. Mutumin ƙasar Kura ne, amma aikin reluwe ya kai shi Kaduna tun yana saurayi, can aka haife mu, can muka tashi. Ni yanzu koyarwa nake yi a firamare. Cikin abin da ya bari akwai gona eka biyu a filin noman rani na Kadawa, wadda ƙanensa ya daɗe yana nomawa, da kaka ya aiko mana da shinkafa. Da aka raba gado, gonar ta faɗo a kasonmu mu uku, ni da ƙannena mata biyu. Su suna son a sayar a raba kuɗin. Ni kuwa zuciyata ta ƙi kwanciya da maganar sayarwa.

Baffan nawa ya ce mini gonar tana ƙarshen layin ban ruwa, ruwa ba ya isowa sai na sama sun ƙoshi. Na ce to idan bai iso ba, wa ake kai wa kuka? Ya ce ya danganta. Dagaci ya san iyakar kowace gona amma ba shi da iko da ruwa. Kansila zai ce maka ruwan ba na ƙaramar hukuma ba ne. Na dawo Kaduna kaina a ɗaure.

Don Allah, yaya ƙasar nan take a shimfiɗe, daga ina ruwan yake tahowa? Me ya sa gonakin suka zama 'yan ƙanana haka, ga kuma tsada? Sannan a siyasar wurin, wane ne yake tsaya wa manomi? Ba na so in yanke hukunci a kan abin da ban fahimta ba, ga kuma haƙƙin 'yan'uwa a wuyana.

Dattijon Kosawa:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa Aljanna ce makomarsa. Ɗana, jikana ne yake rubuta wannan a wayarsa, ni ke faɗa masa, don haka ka yi haƙuri idan maganar ta yi tsawo.

Da wayona aka gina dam ɗin Tiga. Gwamna Audu Bako ne ya yi aikin, an fara a 1971 aka gama a 1974. Kafin nan ƙasarmu ƙasar damina ce kawai. Ruwan sama ya sauka ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, ya ɗauke ƙarshen Satumba, mu girbe gero da dawa da gyaɗa, shi ke nan. Da rani wasu su tafi ci-rani, wasu su shiga marina, wanda yake da 'yar fadama ya kafa jigo ya yi albasa. Ba wanda zai ce maka za a wayi gari a ga alkama kore shar a watan Janairu a bayan garin Kura.

Ga yadda ƙasar take. Ta gangaro ne daga kudu zuwa arewa. Kogin Kano ya taho daga duwatsun kudu, ya ratso ta dajin Falgore, aka datse shi a Tiga, ƙasar Bebeji. Daga nan babban kanal, wato hanyar ruwan da aka gina, ya ɗauko ruwan ya zuba a tafkin Ruwan Kanya, ƙasar Rano. Ya ƙara gangarowa sai ya rabu biyu: reshen gabas ya nufi ƙasar Bunkure, reshen yamma ya shigo Garun Malam da Kura. Duk tafiyar nan babu inji ko ɗaya da yake tura shi, gangare ne kawai. Daga manyan rassan nan ƙananan kanal suke fita, daga su kuma 'yan magudanan da suke shiga gona. Akwai tafkuna da aka haƙa a wurare don su tara ruwan da ya kwana yana zuwa, da safe a buɗe wa manoma. An tsara kashin farko na aikin a kan hekta dubu 22, amma an ɗauki shekaru masu yawa ba a kammala shi duka ba.

To, ga abin da ya ɗaure maka kai. Lokacin da aka zo gyaran fili, an auna gonakinmu, aka baje su da manyan motoci, aka rage na hanyar ruwa da na hanyar mota, aka mayar wa kowa sauran. Ƙasa ba ta bar hannunmu ba. Ana gadonta, ana sayarwa, ana jinginarwa, kuma dagaci da mai unguwa su ne shaida. Ruwa kuwa, tun da aka kafa hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, ya koma hannun gwamnatin tarayya. Ƙasa taku, ruwa na Abuja. Shi ya sa baffanka ya ce maka ya danganta, kuma gaskiya ya faɗa.

Maganar ƙarshen layi, ita ce ciwon kowa a nan. Abu uku ne suka haɗu. Kanal ya tsufa, laka da yashi suka cike shi, ciyawar kacala ta fito ta toshe hanya. Sannan mu kanmu manoma muna da laifi: akwai wanda zai fito da tsakar dare ya fasa gefen kanal, ko ya jefa tiyo ya janye ruwan da ba ranarsa ba. Wani maƙwabcina na sama ya taɓa yi mini haka a shekarar da na zuba albasa, sai da dattawa suka shiga tsakani, kuma har muka rabu bai ga ya yi laifi ba, don shi ma yana ganin shukarsa tana ƙonewa ne. Na ukun shi ne mafi girma, amma ba a cika faɗarsa ba. Waɗanda suka zana aikin nan alkama da tumatir da masara suka sa a gaba da rani. Yanzu kowa shinkafa, damina da rani. Shinkafa kuwa so take ta zauna cikin ruwa. Idan na kusa da bakin kanal duk suka dasa shinkafa, me zai rage ya gangaro wa na ƙarshe?

An yi babban gyara da kuɗin Bankin Duniya, aikin da ake kira TRIMING, wanda aka amince da shi a 2014. An riƙa rufe ruwa na wasu watanni ana yashe kanal ana gyara ƙofofi, mutane sun ji jiki a lokacin, amma wurare da yawa da suka manta da ruwa sun sake ganinsa. Abin da aikin ya bari wanda ya shafe ka kai tsaye shi ne ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Ƙananan kanal yanzu su ne suke kula da su, su suke karɓar kuɗin ruwa, su suke tsara wa kowane layi ranarsa. Inda shugabannin ƙungiya suke da tsoron Allah, na ƙarshen layi yana samu. Inda duk shugabannin masu gona a sama ne, sai haƙuri.

Ƙanƙantar gonaki kuma ba sai an je makaranta ba. Filin ruwa bai ƙaru kamar yadda mutane suka ƙaru ba. Abin da mahaifina ya noma shi kaɗai, mu biyar muka raba. Abin da na samu, 'ya'yana da jikokina sun fi ƙarfinsa. A unguwarmu akwai magidanta da duk abin da suka mallaka rabin eka ne, da shi suke ciyar da gida. Kai da kake da eka biyu a haɗe, ba a yanka ta ba, babban abu ne a hannunka. Wanda ya sayar da gonar ruwa a nan, ban cika ganin ya sake mallakar wata ba, don masu kuɗin birni da masu injinan shinkafa suna nan suna jira, farashin da za su bayar ɗan gari ba zai iya ba.

Uwar Sadiya:

Allah ya gafarta wa Baba, ya ba ku haƙuri. Ƙanena, Baba Dattijo ya gama maganar ruwa, ni ta ƙannenka mata zan yi, don na ga kamar kowa zai ce maka kar ka sayar ba tare da an tambayi me ya sa su suke son sayarwa ba.

Ni a cikin garin Kura nake, sana'ata gumar shinkafa, ita na tarar uwata tana yi. Mu sayi shanshera, mu jiƙa, mu turara, mu shanya, a kai inji a gyara, dillalai su ɗauka zuwa kasuwannin Kano da gaba. Duk wanda ya shigo Kura da kaka zai ga shinkafa a baje ko'ina, har gefen hanya. Da garin nan da turkuɗi aka san shi, har ƙasar Buzaye ake kai baƙin yadinmu mai sheƙi, yanzu kuwa shinkafa ce take riƙe da gidaje, kuma kaso mai yawa na wannan aiki a hannun mata yake, daga cikin gida. Amma je ka duba sunayen masu gona, ka ga mata nawa ne. Abin da na sha gani shi ne a ce wa mace ta bar kasonta a hannun yayanta ko baffanta, "ai gida ɗaya ne", shekara ta farko a kawo mata buhu biyu, ta biyu buhu ɗaya, ta uku a ce an yi asara. Ƙannenka ba wawaye ba ne, wataƙila sun ga irin haka a wani gidan.

Idan kana so su yarda a riƙe gonar, ka ba su abin da za su kama. A bayar da ita haya, ko ga baffan naku ko ga wani, a rubuta a gaban dagaci da shaidu, a faɗi nawa ne a shekara, a faɗi kason kowacce, kuɗinta ya tafi hannunta ba ta hannunka ba.

Kuma kar wani ya ruɗe ka da lissafin shekarun baya. Lokacin da aka rufe iyakoki a 2019, shanshera ta yi daraja, kowa ya ruga noman shinkafa, kuɗin haya ya tashi. Daga 2023 da aka cire tallafin mai, kuɗin taki da na fetur da na ƙwadago suka haura. Sannan a 2024 gwamnati ta ɗage harajin shigo da abinci na wani lokaci, shinkafar waje ta shigo, farashin tamu ya sauko, buhun takin yuriya da kamfa kuwa bai sauko tare da ita ba. Na san manoman da suka rage abin da suke nomawa saboda haka. Gonar tana da daraja, amma ba kowace shekara take biyan mai ita ba.

Tsohon Kansila:

Malam, Allah ya jiƙan mahaifi. Na taɓa riƙe kansila a ɗaya daga cikin mazaɓun Garun Malam, don haka bari in amsa maka ta siyasa yadda na gan ta daga ciki.

Fara da yawan jama'a. Ƙidayar 2006, wadda har yau ita ce ta ƙarshe tunda an ɗage wadda aka shirya yi a 2023, ta ba Kura mutum kimanin dubu 145 a fili murabba'in kilomita 206. Garun Malam kimanin dubu 116 a murabba'in kilomita 214. Bunkure kimanin dubu 171, amma faɗinta ya kai 487. Raba ka gani: a Kura kusan mutum 700 ne a kowane murabba'in kilomita tun a wancan lokacin, ninki biyu na Bunkure. Wannan cunkoso ne irin na gefen birni, a ƙasar da noma ne abincinta, tafiyar kilomita 30 da 'yan kai daga Kano. Ka ƙara da 'yan ƙwadagon da suke shigowa lokacin dashe da yanka da tsinkar tumatir daga Jigawa da Katsina har da Nijar, waɗanda ba sa cikin lissafin kowa kuma ba su da ƙuri'a a nan.

Yanzu duba yadda aka yanka yankin. Kanal ɗaya ne yake shayar da mu, amma Kura da Garun Malam suna mazaɓar sanatan Kano ta Tsakiya, tare da Fagge da Dala da Nasarawa da cikin birni, inda ƙuri'ar take da yawa. Bunkure da Rano da Bebeji, wato inda dam ɗin da kan ruwan suke, suna Kano ta Kudu. A majalisar wakilai mu da Kura an haɗa mu da Madobi, Bunkure kuma tana tare da Rano da Kibiya. Garun Malam daga jikin Kura aka cire ta a 1996, zamanin Abacha, amma har yau kujera ɗaya muke da ita mu biyu a majalisar jiha. Ko sarauta ba ta tsira ba. Da Ganduje ya ƙirƙiri sababbin masarautu a 2019, Kura da Bunkure suka tafi Rano, Garun Malam ta tafi Karaye. A 2024 gwamnatin Abba ta rushe wannan doka, daga baya ta dawo da Rano a matsayin masarauta mai daraja ta biyu da Rano da Bunkure da Kibiya, mu da Kura muka koma Kano. Cikin shekara biyar manomi bai motsa daga gonarsa ba, amma inda hakiminsa yake kai gaisuwa ya sauya sau biyu. Babu wata kujera guda da za ka nuna ka ce mai ita ruwan Tiga ne ya kawo shi, ruwan Tiga zai iya kayar da shi.

Ƙaramar hukuma kuwa, ina faɗa da baƙin ciki don na zauna a ciki, ƙarfinta kaɗan ne. Kuɗinta ta asusun haɗin gwiwa da jiha yake biyowa. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, amma hukunci daban, aiwatarwa daban. Zaɓen ma ka duba: a 2021 APC ce ta cinye duka ƙananan hukumomi 44 na jihar Kano, a Oktoban 2024 NNPP ta cinye duka 44. Wanda ya san daga gidan gwamnati kujerarsa ta fito, can zai riƙa kallo, ba ƙarshen layinku ba. Abin da manomi ya saba gani daga ɗan siyasa shi ne rabon taki da injin ban ruwa da feshi idan zaɓe ya matso, kuma jerin sunayen a hannun shugabannin jam'iyya na mazaɓa yake.

Tumatir shi ne misalin da ya fi ci mini rai. Kasuwar Kwanar Gafan tana loda motoci zuwa Legas da sauran kudu, amma idan kaya ya yi yawa a Fabrairu da Maris kwando yakan faɗi har manomi ya rasa kuɗin ɗauko shi daga gona. An buɗe kamfanin tumatir na Dangote a Kadawa a 2016, mai iya sarrafa tan 1,200 a rana, a shekarar ce kuma tsutsar nan da muke kira sharon ta cinye gonaki, kuma tun daga nan aikinsa tsayawa yake yana tashi. Magana irin wannan, ta farashi da ajiya da harajin tumatirin gwangwani na waje, tana buƙatar wakilan da za su tsaya da murya ɗaya a Abuja. Mu kuwa an raba mu gida biyu.

Idan ka tambaye ni zaɓen da ya fi shafar gonarka, na shugabannin ƙungiyar ruwa ta layinku ne. Mutane suna raina shi, ba sa zuwa taron, sai ruwa ya yanke su fara neman kansila.

Bahaɗeje:

Ina karanta ku daga Haɗeja, kuma ina roƙon a tuna da mu idan ana maganar ƙarshen layi. Kogin Kano da na Challawa su ne suke haɗuwa kafin Wudil su zama kogin da yake zuwa mana, ya wuce fadamun Nguru har Yobe. Tun da aka yi Tiga, aka ƙara da dam ɗin Challawa a 1992, ambaliyar shekara-shekara da iyayenmu suke noman shinkafa da kamun kifi da ita ta sauya. Ruwa ya koma zuwa kaɗan-kaɗan rani da damina, kacala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, tsuntsayen jan baki suka samu mafaka a cikinta. Wani gari ruwa ya ci gonarsa, wani garin ya bushe. Ba ina ƙyashin mutanen Kura ba ne, Allah ya ƙara musu albarka. Amma duk eka ta shinkafar rani da aka ƙara a sama, akwai wanda yake jin ta a jikinsa a ƙasa, kuma shi a wata jihar ma yake.

Malamin Kawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Yaya Uwar Sadiya, maganarki ta shige ni, zan zauna da ƙannena in fara jin ta bakinsu kafin in kawo tawa. Baba, tambaya ɗaya ta rage. Wani ya ba ni shawarar in haƙa 'yar rijiyar tiyo a gonar in sa inji, in huta da jiran kanal. Yaya ka gani?

Dattijon Kosawa:

Ɗana, ana yi, kuma a wurare da yawa ruwan ƙasa ba shi da nisa saboda shekarun da kanal ya yi yana tsiyaya. Amma ka riƙe ta a matsayin ta ceto, ranar da layi ya yanke shuka tana fure. Idan ka ce da fetur za ka shayar da shinkafa eka biyu daga dashe har yanka, kuɗin mai zai cinye ribar. Masu hali suna komawa inji mai aiki da hasken rana, sai dai kuɗin sayensa da nauyi, kuma yana son mai gadi.

Kafin ka kashe ko sisi, ka zo cikin Janairu ko Fabrairu, a ranar da layinku yake da ruwa, ka tsaya tun safe ka ga ƙarfe nawa yake isowa da kuma yawansa. Ka duba fuskar ƙasar, idan ka ga fari-fari kamar kanwa to magudanar fitar da ruwa ta toshe, sai an yashe ta kafin komai. Ka nemi sakataren ƙungiyar ruwa ka ga sunan wa ke kan gonar a littafinsu, ko akwai bashin kuɗin ruwa, a mayar da sunayenku ku uku. A ƙarshen layi kuma ni da rani alkama ko albasa ko masara zan zuba, in bar shinkafa sai damina. Ka je da baffanka duk inda za ka, kar ya ji a bakin wani cewa ɗan wansa yana bincike a kan gonar da ya daɗe yana riƙe da ita.